Edita Ɗaya, Shekara Goma Sha Tara

Shekaranjiya ɗan ƙanwata ya faɗo mini ɗaki da waya a hannu, baki har kunne. "Kawu, sun ɗauke ni!" Wata mujalla ce ta ga zane-zanen da yake sakawa a intanet, ta ce daga yanzu shi zai riƙa zana mata bango duk wata. Na sa tabarau na karɓi wayar. Takardar yarjejeniya ce, shafi huɗu. A sakin layi na bakwai an rubuta cewa duk abin da ya zana ya zama nasu har abada, kuma muddin yana tare da su ba zai yi wa kowa aiki ba. Na ce masa, ɗana, ka karanta nan kuwa? Ya ce, "Kawu, ai haka ake yi."

Sai da gabana ya faɗi, don kalmomin da na faɗa wa wani dattijo ke nan sak, ina kusan shekarunsa.

Ni ma bangon mujalla na zana, shekara goma sha tara, wa mujalla ɗaya, ƙarƙashin edita ɗaya. Ba zan faɗi sunanta ba, ta mutu tuni. Kuma kada wani ya ɗauka aikin wasa ne. Bango ba irin zanen da ake ratayewa a falo ba ne a zauna ana ƙare masa kallo. Mai wucewa ne zai hango shi daga nesa cikin tarin mujallu, ko ya tsaya ko ya wuce, kafin ƙiftawar ido an yanke maka hukunci. Dole ka bar wa sunan mujallar fili a sama, ka bar gefe don kanun labarai, labarin kuma ya fito ba tare da kalma ko ɗaya ba. Ka san launin da zai mutu a injin buga takarda, ka kauce masa. Na iya wannan duka. Har yau ban yarda akwai wanda ya fi ni iya zana hannun tsoho a zamanina ba, kuma ba yabon kai ba ne.

Wautar da na yi ita ce na ɗauka edita ubana ne. Idan ya ce shuɗin ya yi yawa, in rage. Idan ya ce masu karatu sun fi son fuska mai murmushi, kowa a bangona sai ya yi murmushi, har mai ɗauke da kaya a ka. A hankali na daina tambayar kaina abin da nake so in zana, sai dai abin da zai so. Sau uku wasu suka neme ni da aiki, sau uku ina cewa a'a, wai ni mai amana. Ainihin zanen kuwa, wanda na kwana a kansa da burushi, idan na kai ofis ba na waiwayarsa. Ban taɓa cewa a dawo mini da ko ɗaya ba. Na ga kamar ƙaranta ce mutum ya tsaya neman takardar da aka riga aka biya shi.

To amma a yi mini adalci. Ina da iyali, kuɗin kuma yana zuwa kan lokaci, abin da ba kowane mai zane ke samu ba. Wanda bai taɓa jiran biyan aiki wata shida ba, ba zai gane daɗin wannan ba. Kuma mutumin ya koya mini abubuwa, ba zan ci amanarsa don ya bar duniya ba. Da na sake komawa baya, wataƙila in sake sa hannun. Wataƙila. Abin da ba na yafe wa kaina shi ne na san labarin Leyendecker tun a lokacin, ina ma ba wasu, amma ban ga kaina a ciki ba.

J. C. Leyendecker an haife shi a Jamus a 1874, iyayensa suka ƙaura da shi Amurka yana yaro. Ya yi karatun zane a Chicago da Paris, ya fara zana bangon mujallar Saturday Evening Post a 1899, kuma kafin ya gama ya zana mata bango 322. Shi ne ya zana gayen nan na tallan kwalar rigar Arrow da samarin Amurka suka riƙa kwaikwayon shigarsa, shi ne kuma mai jaririn sabuwar shekara da mujallar ke fitowa da shi duk farkon shekara. Ya gina katafaren gida a New Rochelle kusa da New York, ana shagali ana ɓarin kuɗi. Sai editan da ya riƙe shi, George Horace Lorimer, ya ajiye aiki a 1936. Waɗanda suka biyo baya ba su da wannan ƙauna, ɗanɗanon jama'a ya canza, hoton kyamara yana ta cin kasuwar masu burushi. Bangonsa na ƙarshe ya fito a Janairun 1943. Da ya mutu a 1951, a farfajiyar gidan aka baza zane-zanensa ana sayarwa a arha. Norman Rockwell, wani mai zanen bangon mujallar wanda ya taso yana kwaikwayonsa, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar.

Ni ban gina katafaren gida ba, amma faɗuwar iri ɗaya ce. Ranar wata Litinin na kai zane, na tarar da sabon mutum a kujerar. Ya riƙe zanen da yatsu biyu kamar wanda aka miƙa wa jiƙaƙƙen tsumma, ya ce yana da kyau, amma daga wata mai zuwa hoto za su riƙa sawa. Na tambayi tsofaffin zanena. Aka kai ni wani sito a bayan ofis. Rufin yana yoyo. Sun manne da juna, in ka ɗaga ɗaya fentin ya biyo bayan ɗan'uwansa. Na samu goma sha ɗaya da za a iya kallo, cikin fiye da ɗari biyu, kuma ko su sai da aka ce in rubuto takardar roƙo, tunda a doka ba nawa ba ne.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Na fita neman aiki, sai na tarar hannuna ya zama na mutum ɗaya. Duk abin da na zana, murmushin nan ne ke fitowa. Rockwell ya fi ni dabara a nan. Shekara 47 ya yi da Saturday Evening Post, daga 1916 da suka biya shi dala 75 kan bangonsa na farko har 1963, amma da ya bar su ya koma mujallar Look, a 1964 ya fito da zanen Ruby Bridges, yarinya baƙar fata 'yar shekara shida da jami'an tsaro ke raka ta makaranta a New Orleans, ga tumatirin da aka jefa ya fashe a jikin katanga. Yana dab da shekara saba'in ke nan. Ashe ya ajiye wani abu a cikinsa da bai sayar wa edita ba. Sai dai shi ma bai tsira duka ba. Wani bango da ya zana a 1951, na tsohuwa da yaro suna addu'a kafin cin abinci, kyauta ya ba wa mai kula da sashen zane na mujallar. A 2013 aka yi gwanjonsa kan dala miliyan 46.

Na zauna da niyyar rubuta wa yaron nan shawara goma. Da na duba sai na ga ba su kai ba.

Kada ka sayar da ainihin zanenka. Ka sayar musu da izinin bugawa sau ɗaya, a bango, sauran naka ne, kuma a rubuta. Na san za ku ce ku a allon kwamfuta kuke zane, babu takardar da ruwa zai ci. To wa ke riƙe da haƙƙin mallakar? In ka sa hannu a sakin layi na bakwai, gobe su zuba aikinka duka a na'ura ta koyi hannunka, ta riƙa zana musu irinsa kyauta, kai kuma ba ka da bakin magana.

Kada ka jingina da edita ɗaya, komai kirkinsa. Kujera ce, tashi zai yi.

Amma kuma kada ka ƙi aikin. Na san na saɓa wa kaina. Ƙofa irin wannan ba kullum take buɗewa ba, kuma babu makarantar da ta kai a ce maka ranar Alhamis ake son zane ko kana da lafiya ko ba ka da ita. Ku yaran yanzu abin da ke damuna da ku ke nan: mutum ya yi zane uku an danna masa alamar so, shi ke nan ya zama gwani, ba a isa a ce ya gyara hanci ba. Ba ku zana hannu sau ɗari, ba ku kallon mutane a hanya, kanku na cikin waya. Takarda shafi huɗu ma ta gagare ku karantawa. Mu aƙalla mun karanta kafin mu yi wautar.

Na ce masa ya koma ya nemi a goge layin nan biyu, in sun ƙi ya nemi a sa wa'adin shekara ɗaya. Ya yi shiru yana murza wayar. Na ce, ko ka riga ka sa hannu ne? Ya ce, "Tun jiya, Kawu. Dama na zo ne ka taya ni zaɓen launi."

Na jawo kujera na ce ya nuna mini. Shuɗin ya yi yawa, amma ban faɗa masa ba.