Lokacin da Dredd ya cire hular kwano

Yau da rana na kalli fim ɗin Judge Dredd na 1995, kuma wuri ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Sylvester Stallone, wanda ya fito a matsayin Dredd, ya sa hannu ya zare hular kwanon da ke rufe masa fuska, fuskarsa ta fito fili, kyamara ta tsaya a kanta. Wallahi sai da na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Tun 1977 da John Wagner da Carlos Ezquerra suka ƙirƙiro Dredd a mujallar zane ta 2000 AD a Birtaniya, haɓa da murtukakken baki kawai mai karatu ke gani. Da gangan suka yi haka. Shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne mai zartar da hukunci a tsakiyar titi, kuma labarin habaici ne ga mulkin da ke tara iko a hannu ɗaya da sunan tsaro. Kana dariya, gabanka na faɗuwa.

Ana buɗe fuskar nan sai na fara tausayinsa, har ina fatan ya yi nasara, mutumin da aka zana don in ji tsoronsa. Abin ya dame ni ƙwarai. Karl Urban, da ya fito a matsayin Dredd a fim ɗin 2012, bai bari an ga fuskarsa ba, kuma na fi ganin girmansa yanzu. Ba na son a sa ni ƙaunar Dredd.