Abin da aunin iskar oksijin a ƙwaƙwalwa ya koya mini

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana lashe kusan kashi 20 na oksijin ɗin da jiki ke amfani da shi, kuma ba ta da ajiya. Bugun da kai ya sha a wurin haɗari ya riga ya faru. Aikinmu a ɗakin kulawa ta musamman shi ne tare ɓarnar da ke biyo baya, lokacin da kumburi ya fara hana jini isa inda ake buƙatarsa.

An koya mana sa ido kan matsin cikin ƙoƙon kai. Ƙa'idojin Brain Trauma Foundation (gidauniyar da ke tsara yadda ake kula da raunin ƙwaƙwalwa) na 2016 sun ce idan ya haura 22 mmHg (ma'aunin matsi) a tashi tsaye. Amma matsi na iya zama lafiya lau alhali ƙwaƙwalwa na cikin yunwar iska. Wannan ban gane shi da kyau ba sai da na fara aiki da siririyar wayar nan da likitan tiyata ke zurawa ta ɗan rami a ƙoƙon kai, tana auna oksijin a cikin ƙwaƙwalwar kanta. Idan ya sauka ƙasa da 20 mmHg, akwai matsala.

A ƙara saurin na'urar numfashi, nan take matsi zai sauka, kowa ya sami natsuwa. Can gefe kuwa lambar oksijin na zamewa ƙasa, domin raguwar kabon dayoksaid, iskar da ake fitarwa da numfashi, tana tsuke jijiyoyin jini. Zazzaɓi ma haka: jiki ya ɗau zafi, ƙwaƙwalwa ta ƙara cin iskar da dama ba ta ishe ta ba. Hatta wuyan maras lafiya da ya karkace a kan matashi yakan bayyana a allo.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ruwan da ake tatsowa daga cikin ƙwaƙwalwa ta siririn bututu, ana tara shi a 'yan kwalabe duk awa domin auna sinadaran cikinsa. Wani lokaci oksijin ya wadata, amma laktet (sinadarin da ke taruwa idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba su yi amfani da oksijin ba) ya ninka firubet (wanda suke samu daga sukari) fiye da sau 25, alamar iskar ta iso, ƙwayoyin ne suka kasa sarrafa ta. A nan ƙara oksijin kaɗai ba ya warware matsalar.

Wayar kuma ɗan wurin da take kawai take gani, don haka kafin in yarda da lambarta sai na duba hoton kai in ga inda bakinta ya tsaya, kusa da raunin ko nesa da shi.