Buɗe wurin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Saudiyya: takardu, ma'aikata da sirrin majiyyaci

Duk wanda ke shirin buɗe wurin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Jidda ko Makka, ya fara zama ya tantance irin aikin da zai yi kafin ya tambayi kuɗin haya, domin irin aikin ne ke nuna hukumar da zai dosa. In za a duba marar lafiya, a gano ciwonsa, a yi masa magani, ko da maganin na tattaunawa ne kawai babu ƙwaya, to wannan aikin lafiya ne, lasisinsa yana hannun Ma'aikatar Lafiya. In kuwa nasiha ce ga ma'aurata da iyali, cibiyoyin irshadil usari, wato na nasihar iyali, suna ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Jama'a da Cigaban Al'umma, haka ma cibiyoyin kula da yara masu naƙasa da rana. Mutane da yawa kan ɗauko lasisin nasiha saboda ya fi sauƙin samu, sannan su riƙa karɓar masu ciwon damuwa mai tsanani da masu shaye-shaye. Ranar da masu bincike suka buɗe fayil suka ga an rubuta sunan ciwo da tsarin magani, wurin ya shiga laifin yin aikin lafiya ba izini.

Sai maganar mallaka, wadda ta fi shafar mu Hausawa, tunda cikinmu akwai 'yan ƙasa akwai masu igama, wato takardar izinin zama ta baƙi. Ɗan ƙasa zai buɗe sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, a Ma'aikatar Kasuwanci kai tsaye. Baƙo kuwa hanyarsa ta Ma'aikatar Zuba Jari ce. Tsohuwar dabarar nan ta sa sunan ɗan ƙasa a takarda alhali kuɗi da iko na baƙo ne, ita ce tasattur, kuma dokar 2020 ta sa hukuncinta ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. A harkar lafiya abin ya fi muni, domin in aka garƙame wurin, majiyyatan da ke tsakiyar magani ne za su rasa inda za su nufa.

Kada a sa hannu a hayar shekaru kafin a samu amincewar farko daga Ma'aikatar Lafiya, wadda ake nema ta manhajar Seha. Bayan ita ne ake kai zanen gini, a nemi lasisin baladiyya, wato hukumar gari, ta manhajar Balady, da shaidar difa'ul madani, wato hukumar kashe gobara da ceto, ta manhajar Salamah, a ƙulla yarjejeniya da kamfanin kwashe sharar asibiti, a naɗa mai kula da aikin likitanci na wurin, sannan kwamiti ya zo ya duba kafin lasisin ƙarshe. Ginin da aka yi don zaman iyali yakan faɗi a kan ƙofar gudun gobara, da hanyar keken guragu, da faɗin lungu. Kowane wata da aka ɓata ana fasa bango, haya tana tafiya, albashin waɗanda aka riga aka ɗauka ma haka. Abin da ya kamata mai wuri ya ƙara da kansa shi ne katangar da ba ta fitar da murya. Bangon jibs mai falle ɗaya, wanda ke zaune a falo yana jin kukan wanda ke ciki.

Inda aikin ya fi cin rai shi ne ma'aikata, domin lasisin gini a kan lasisinsu yake rataye. Kowane likita, da masanin halayyar ɗan'adam, da ma'aikacin jinya, da jami'in walwalar jama'a sai ya samu tasnif, wato tantance matsayinsa a sana'ar, da rajista daga Hukumar Ƙwarewar Ma'aikatan Lafiya ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1992. Ana shigar da takardu ta manhajar hukumar, Mumaris Plus, kamfanin DataFlow ya tuntuɓi jami'ar da ta ba da shaida da asibitin da mutum ya yi aiki, wasu kuma su zauna jarrabawa a cibiyoyin Prometric. Bayan haka ne Ma'aikatar Lafiya ke ba shi lasisin yin aiki a wurinka kai kaɗai. Likitan da ke da lasisi a wani asibiti ba zai zo ya zauna maka da yamma haka kawai ba, sai da izini a rubuce. Sana'ar da ke kan igamar baƙo ma dole ta dace da aikin da yake yi.

Fayil ɗin wanda ya yi karatu a Kano, Zariya ko Khartum yakan maƙale a wurare sanannu. Fasfo ya ce Muhammad Abubakar, shaidar digiri ta ce Mohammed Abubakar Sani, takardar aiki kuma ta juya sunayen. Ranar haihuwa ta bambanta tsakanin takardar sakandare da fasfo. Wasiƙar DataFlow ta isa ofishin magatakardar jami'a ta kwanta, babu wanda ya amsa, sai rahoto ya fito cewa an kasa tabbatarwa. Maganin wannan shi ne a gyara sunaye tun daga gida, a kuma samu wanda zai taka da ƙafarsa zuwa ofishin ya bi wasiƙar. Takardar shaidar kyakkyawan aiki daga majalisar likitoci ta ƙasar mutum tana da wa'adi gajere, don haka a bar ta ƙarshe, kada ta mutu kafin sauran su haɗu. Wanda ya daɗe bai yi aiki ba fiye da shekara 2, yana iya fuskantar sharaɗin ƙarin horo. Ga waɗanda suka yi karatu a Sudan, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa ofisoshin jami'o'i da dama, tabbatar da takardunsu ya ƙara wuya, sai a ba su lokaci fiye da kowa.

Matsayin da hukumar ta ba mutum shi ne iyakarsa. Masanin halayya yana iya zama akhissa'i (ƙwararre), ko akhissa'i awwal (babban ƙwararre), ko istishari (matsayi mafi girma), amma ko ya kai ƙololuwa ba ya rubuta magani. Wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Mutanenmu kowa mai farar riga Dakta suke ce masa, wannan ladabi ne ba laifi, amma abin da aka rubuta a allo da hatimi da katin ma'aikaci dole ya zama daidai da tasnif. Dokar aikin lafiya ta 2005 ta tanadi ɗaurin da zai kai wata 6 da tarar da za ta kai riyal 100,000 ga wanda ya yi aiki ba lasisi ko ya ɗauki laƙabin da ba nasa ba. Ita ce kuma ta wajabta wa likitoci inshorar kuskuren aiki.

Magunguna irin su alprazolam, clonazepam, methylphenidate da pregabalin suna ƙarƙashin dokar ƙwayoyi masu sa maye, ana rubuta su ta tsarin Raqeeb, inda ake iya ganin abin da aka riga aka ba mutum a wani wuri. Ƙaramin wuri ya fi samun kwanciyar hankali in bai ajiye su ba sam, ya bar wa kantin magani mai lasisi. Matsin lamba daga dangi yake zuwa: "Dakta, a rubuta wa Hajiya na wata shida, za ta je Najeriya." Ko a aiko yaro da tsohon kwali a ce a sabunta. Ba a rubutawa sai an ga majiyyaci, kuma ba a wuce adadin da ƙa'ida ta yarda. Likitan da ya sassauta sau ɗaya, kafin wata ya ƙare labarinsa ya zaga unguwa, masu neman ƙwaya su cika masa falo.

Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta fito a 2014, wato 1435 bayan hijira, kuma kowane ma'aikaci ya kamata ya karanta ta da kansa. Ta tsare haƙƙin majiyyaci na sanin ciwonsa, da amincewarsa kafin magani, da sirrinsa. Ta sa sharuɗɗa masu tsauri a kan riƙe mutum ba da son ransa ba, matakin farko bai wuce awa 72 ba, tare da majalisun sa ido da ake kai ƙara gabansu. Wurin da ba ya kwantar da marasa lafiya ba shi da hurumin tsare kowa. In 'yan'uwa suka kawo saurayi da ƙarfi yana barazanar hallaka kansa, aikin wurin shi ne ya tantance hatsarin, ya kira motar asibiti ta 997, ya tura shi sashen gaggawa ko cibiyar Irada, wato asibitin gwamnati na masu ciwon ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, ya rubuta lokaci da abin da aka yi. Wannan tsari ya kasance a rubuce, ma'aikacin karɓar baƙi ma ya haddace shi. In aka ga alamar ana cutar da yaro ko mace a gida, dokar kariya daga cutarwa ta 2013 ta wajabta kai rahoto, layinta 1919.

Sirri shi ne jarin wannan sana'a, musamman a cikin al'umma irin tamu da kowa ya san gidan kowa. Dokar kare bayanan mutane ta fara aiki a Satumbar 2023, wa'adin daidaitawa ya cika a Satumbar 2024, hukumar bayanai ta Saudiyya, SDAIA, ke kula da ita. Bayanin lafiya yana cikin masu tsananin kariya: wanda ya fallasa shi da nufin cutarwa yana iya shan ɗaurin shekara 2 ko tarar riyal miliyan 3, kuma in bayanai suka fita ta hanyar da za ta cutar, a sanar da hukumar cikin awa 72. Amma ba ta kwamfuta sirri ya fi fita ba. Ta baki yake fita. Ma'aikaciya ta ɗaga murya ta kira cikakken suna a falo, maƙwabciya daga unguwar Hindawiyya tana zaune. Wani dattijo ya bugo waya cikin ladabi: "'Yata, ni kawunta ne, ana maganar aurenta, ina so in san ko tana zuwa nan." Amsar ita ce: "Baba, ka yi haƙuri, ba mu da izinin cewa wani yana zuwa ko ba ya zuwa." Ko "eh" ɗaya ta isa ta rusa aure. Don haka a riƙa kira da lamba, a bar tazara tsakanin alƙawuran mutanen unguwa ɗaya, a hana aika rahoto ta WhatsApp na ma'aikaci, kowa kuma ya shiga fayil da nasa mabuɗin don a san wanda ya buɗe. Tafinta daga dangi ma hatsari ne, mace ba za ta faɗi abin da ke damunta ta bakin ƙanin mijinta ba. Nan ne ma'aikaci mai jin Hausa, mai cikakken lasisi, ya fi kowane kayan aiki daraja a wurin.

Yawancin masu zuwa sun riga sun je wurin malam an yi musu ruƙiyya, kuma babu dalilin raina wannan. Abin da ba ya yiwuwa shi ne sayar da rubutu ko haɗin gargajiya a ƙarƙashin lasisin lafiya, ko a ce wa mutum ya ajiye maganinsa.

Ta fuskar kuɗi, karɓar masu inshora yana buƙatar amincewar Majalisar Inshorar Lafiya da haɗuwa da NPHIES, tsarin da ake aika wa kamfanonin inshora buƙatar biya ta cikinsa. Tun Oktoban 2022 iyakar abin da inshora ke biya na ciwon ƙwaƙwalwa ta kai riyal 50,000. Kamfanonin inshora kan ƙi biya galibi saboda ba a nemi izini kafin zama ba, ko lambar ciwo ba ta dace da abin da likita ya rubuta ba, ko rajistar ma'aikacin ta mutu a ranar da ya ga majiyyacin. Harajin VAT kashi 15 ne, gwamnati na ɗauke wa 'yan ƙasa a asibitoci masu zaman kansu, masu igama su biya, kuma fatura, wato takardar cajin kuɗi, dole ta bi tsarin Fatoora na hukumar haraji, ZATCA. Akwai kuma tantancewar CBAHI, hukumar da ke duba ingancin asibitoci, da adadin 'yan ƙasa da tsarin Nitaqat ya wajabta a ɗauka aiki. Duba marasa lafiya ta bidiyo sai an shigar da shi cikin lasisi, kuma ba a ɗauko masani da ke zaune a Abuja ba shi da rajistar Saudiyya ya riƙa ganin majiyyatan Jidda da sunan wurin.

Kowace takarda da ranar mutuwarta daban, wasu da kalandar hijira wasu da miladiyya, nan ake yawan ruɗewa. A haɗa su a jadawali ɗaya: lasisin wuri, baladiyya, difa'ul madani, kwangilar shara, sannan rajista da lasisi da igama da inshorar kowane ma'aikaci, da shaidar horon ceton rai. A fara sabuntawa saura wata 3, a riƙa duba awannin ƙarin ilimi na ma'aikata tun farkon shekara, domin Hukumar Ƙwarewar Ma'aikatan Lafiya ba ta sabunta rajista sai sun cika. A ƙaramin wuri mai likitan ƙwaƙwalwa ɗaya, in tasa rajistar ta tsaya, rubuta magani ya tsaya, don haka tun da wuri a ƙulla yarjejeniya da wani wuri mai lasisi da zai karɓi majiyyatan kafin a warware.