Abin da gyaran sandunan golf ya koya min game da fuskar fota

Tambayar da aka fi yi min a wajen aiki tun da na shiga wannan sana'a ta gyara da daidaita wa mutane sandunan golf ita ce, wai fuskar fota tana da wani tasiri kuwa, ko dai duk tallan kamfani ne? Fota dai ita ce sandar nan ta ƙarshe da ake tura ƙwallo da ita a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, kuma ita ce ta fi shan zagi in wasa ya ƙi. Ba mai cewa hannuna ne ya yi rawa, a'a, sanda ce ba ta da kyau. Ni dai amsata ita ce eh tana da tasiri, amma ba a wurin da ake zato ba, kuma bai kai yadda ake zuzutawa ba. To mutane ba sa son irin wannan amsar, so suke ka ce musu saya ko kar ka saya.

Abu na farko da maigidana ya sa na zauna na kalla shi ne bidiyon kyamara mai saurin ɗauka, irin ta na'urar Quintic, ana rage gudunsa. Wallahi in ba ka gani ba ba za ka yarda ba, ƙwallon da kake ganin kamar tana tashi daga fuskar sanda tana garawa sumul, ba haka take yi ba. Tana ɗan tsalle tukuna, ta zame a kan ciyawa kamar ba za ta juya ba, sai gogayyar ciyawar ta kama ta ta fara juya ta a hankali, sannan ne take shiga garawa ta gaskiya. A lissafin fiziks, ƙwallon da aka buga ba tare da juyi ba sai gudunta ya sauko zuwa kashi 5 cikin 7 na yadda ta taso kafin ta daina zamewa. Haɗuwar fuska da ƙwallo kuma kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan ne, ko ma ƙasa da haka. Duk abin da tsagi ko facin robar da ake sawa a fuskar sanda zai yi, a cikin wannan ɗan ƙiftawar zai yi shi ko ya rasa.

Shi ya sa ma fuskar fota ba a tsaye take cak ba, tana da 'yar kwanciya baya, yawanci digiri 2 zuwa 4, don ƙwallo tana ɗan nutsewa cikin ciyawa sai an ɗago ta kaɗan. Dokar USGA da R&A, hukumomi biyu da ke tsara dokokin golf, ta ce kar kwanciyar ta wuce digiri 10. Kamfanoni sun daɗe suna fafatawa a kan wannan zamewar, kowa na cewa tasa fuskar ce ke sa ƙwallo ta fara garawa da wuri. Harold Swash ɗan Ingila ya yi tsagi masu lanƙwasa da ake kira C-Groove, irin fotar da Retief Goosen ya ci babbar gasar US Open da ita a 2004, TaylorMade suna da Pure Roll mai tsagi a karkace digiri 45, Odyssey kuma tun 2000 suka fito da White Hot, faci mai laushi da aka yi da irin sinadarin bawon ƙwallo. Kuma ba ƙarya suke ba, in ka ɗora sanda a kan inji mai bugu iri ɗaya kullum kyamara tana nuna bambanci. Sai dai fa ɗan mitsitsi ne, kuma abin da ya ban mamaki shi ne da zarar mutum ya karɓi sandar ya ɗan tura hannunsa gaba ko ya bar shi baya, kwanciyar fuskar ta canza da digiri ɗaya ko biyu, shi ke nan ya shafe duk ribar da tsagin ya kawo, wani lokacin ma har da bashi.

Inda maganar take da nauyi shi ne ina fuskar ta kalla a lokacin da ta taɓa ƙwallo. Dave Pelz, wanda ya yi aiki a NASA kafin ya koma binciken golf, ya ce kusan kashi 83 cikin 100 na alƙiblar da ƙwallo za ta ɗauka daga nan yake zuwa. Wani bincike da Karlsen da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 a kan ƙwararrun 'yan wasa ya samo kusan haka, kashi 80 kallon fuska, 17 hanyar da sanda ta bi, 3 kacal wurin da ƙwallo ta taɓa. Yanzu yi lissafin da kanka. Faɗin rami milimita 108 ne, wato daga tsakiya zuwa baki santimita 5.4. In kana nesa da mita 3 fuskarka ta kauce da digiri ɗaya tak, ƙwallo za ta iso ta kauce da santimita 5.2, tana kan leɓen rami ke nan, ko ta faɗa ko ta zagaya ta fito. Digiri ɗaya fa, abin da ido ba ya ma gani. Babu tsagin da zai gyara wannan.

Akwai wani dattijo da yake zuwa mana, ya daɗe yana wasa, ya zo yana son a ba shi fota mai sabon tsagi don wai ƙwallonsa na yawan tsayawa kafin rami. Na ce yallaɓai bari mu ga wani abu tukun, na fesa farar hoda a fuskar tsohuwar sandarsa na ce ya buga kamar yadda ya saba. Da muka duba, tabon ƙwallo ya watsu, wani can wajen baki, wato ƙarshen fuskar na nesa, wani kusa da dunduniya, wato ɓangaren da ke kusa da wuyan sanda, kaɗan ne suka sauka a tsakiya. Ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa ya ce, yaro anya ba hodar taka ba ce? Na ce yallaɓai hoda ba ta san kowa ba. Dariya ya yi, amma ya yi shiru na ɗan lokaci yana juya sandar a hannu.

To irin wannan mutumin shi ne zanen sanda zai taimaka wa da gaske, kuma a nan ne ba na yarda da masu cewa duk yaudara ce. In ka bugi ƙwallo a gefe, kan sandar yana murɗewa, ƙarfi ya zube, ƙwallo ta gaza kaiwa. Karsten Solheim, injiniya haifaffen Norway da ya yi aiki a General Electric, shi ya magance rabin matsalar tun 1966 da Ping Anser, ya kwashe nauyi daga tsakiya ya kai shi baki da dunduniya don kan ya rage murɗewa, har yau kusan kowane kamfani na kwaikwayon siffar. Amma lura, wannan aikin nauyi ne, ba na fuska ba. Daga baya ne aka zo da dabarar yin hakan da fuskar kanta, kamar True Roll na Ping mai tsagi masu zurfi a tsakiya marasa zurfi a gefe, ko Evnroll na Guerin Rife mai tsagi masu faɗi a tsakiya suna tsukewa zuwa gefe. Dabarar tana burge ni don kamar a juye take, ba ƙara wa bugun gefe ƙarfi suke ba, rage wa na tsakiya suke yi don duk su zo kusan ɗaya. A bugu mai nisa, inda matsalar ba shiga rami ba ce illa ka ajiye ƙwallo kusa don kar ka buga sau uku, wannan daidaiton yana da amfani. SIK ma sun kawo tasu, fuska mai hawa huɗu, digiri 4 a sama sai 3 sai 2 sai 1 a ƙasa, don ko hannunka ya yi gaba ko baya ƙwallo ta tashi kusan iri ɗaya, ita Bryson DeChambeau ya riƙe da ya ci US Open a 2020.

Sai maganar laushi, wadda kowa ke rantsuwa a kai. Wannan ta fi laushi, waccan ƙarfe ne zalla. Gwada ka toshe wa mutum kunne ka miƙa masa sanduna biyu ya buga, sai ka ga ya fara kame-kame, don yawancin abin da muke kira ji a hannu kunne ne ke jinsa. Ba wai hakan ya mai da shi banza ba ne, ai da sautin ƙwaƙwalwa take auna ƙarfin bugu, in sauti bai yi maka daidai da abin da idonka ya gani ba za ka yi ta rikicewa wajen auna nisa. Kuma ƙwallon da kake amfani da ita ma tana da nata kason a sautin, mai taurin bawo a kan faci mai laushi daban, mai laushi a kan ƙarfe daban.

Darasin da ya fi wahalar shigar da shi kan kwastoma shi ne na ƙirga. Mutum zai buga 20 da tsohuwar sanda 9 su shiga, ya buga 20 da sabuwa 12 su shiga, ya ce ka gani ko oga, naɗe min ita. Alhali alƙaluman PGA Tour, jerin gasannin ƙwararru na Amurka, irin waɗanda Mark Broadie na jami'ar Columbia ya yi aiki a kansu, sun nuna daga ƙafa 8 ko manyan ƙwararru kusan rabi suke sakawa, kamar jefa kwabo ne sama, 9 yau 12 gobe da sanda ɗaya ba abin mamaki ba ne. In kana so ka tabbatar wata fuska ta ɗaga ka daga kashi 50 zuwa 52, lissafi ya ce sai ka buga wajen dubu goma da kowace sanda. Wa ke da wannan lokacin? Ga kuma ɗokin sabon abu, mutum ya fi nutsuwa da sabuwar sanda a makon farko, bayan wata guda tsohon hali ya dawo. Tiger Woods dai manyan gasanni 14 cikin 15 da ya ci da fotar Scotty Cameron Newport 2 guda ɗaya ya ci su, ƙarfe sassaƙaƙƙe babu wani faci, wasu kuma sun ci nasu da roba, kowane ɓangare na da gwarzon da zai nuna maka.

Yanzu in mutum ya shigo ba na fara masa da fuska. Tsawon sanda nake dubawa, da yadda gindinta ke zama a ƙasa, da ko layin da ke kanta yana sa shi ya saita daidai, don akwai wanda siffar kan sanda kaɗai ke sa shi kallon hagu bai sani ba. Sai kwanciyar fuska, ita kam ana iya lanƙwasa wuyan sanda a gyara ta cikin 'yan mintuna. In duk wannan ya zauna, hoda kuma ta nuna bugunsa na watsuwa, sai in ɗauko masa masu tsagin daidaita gudu, in kuma yana samun tsakiya kullum sai in jera masa uku ko huɗu in ce ya ɗauki wadda sautinta ya yi masa.