Nemo tsofaffin ɗalibai kafin a zo maganar kuɗi

Mu ƙaramin kamfani ne, aikinmu haɗa makarantun kuɗi da tsofaffin ɗalibansu, mu tattaro sunaye, mu taimaka a kafa ƙungiya, sannan mu tsara gidauniya in lokacinta ya yi. Mutane suna ɗauka buɗe guruf ne a WhatsApp a jefa lambar akawun shikenan, wallahi da haka ne da tuni kowace makaranta ta gina laburare.

Asalin aikin a tsohuwar rijista yake. Za a ɗauko maka ita daga sito bango ya ɓalle, gara ta ci gefe, tawada ta koɗe, sai ka zauna kana bin suna ɗaya bayan ɗaya. Wata ta koma amfani da sunan miji, wani an rubuta sunansa iri daban a kowane aji, wani kuwa ko 'yan ajinsu laƙabinsa kawai suka sani. Hotunan aji mukan yi musu sikanin mu goge tabon ruwa a kwamfuta, mu tura wa mutum ɗaya a kowane set ya gaya mana su waye a layin baya, kuma hoton nan shi ke buɗe baki, wanda bai ɗaga wayarka ba da kansa zai kira yana tambayar ina wane yake.

A wajen wata tsohuwar sakatariyar makaranta na koyi wannan, Allah Ya saka mata. Kati take ajiyewa na kowane ɗalibi da rubutun hannunta, shekarar da ya fita, malamin da ya fi so, har wasan da yake bugawa. Dokarta ɗaya ce, ba a roƙo a kiran farko. A gaishe shi, a gaya masa malaminsa na lissafi ya yi ritaya, a gayyace shi ya zo ya yi wa yara magana kan aikinsa. Har yau ban karya wannan dokar ba.

Abin ma ba sabo ba ne fa. A 1821 tsofaffin ɗaliban kwalejin Williams a Amurka suka kafa ƙungiya lokacin da shugaban kwalejin ya tafi da wasu ɗalibai ana ganin makarantar za ta durƙushe. Yale kuma a 1890 ta buɗe asusun tsofaffin ɗalibai na shekara-shekara, kuma tsarin wakilin aji da irin waɗannan makarantun ke bi, wato a sa mutum ɗaya a kowane set ya riƙa tuntuɓar 'yan ajinsu, shi muke bi mu ma, don mutum zai iya share saƙon firinsifal amma da wuya ya share abokin da suka zauna benci ɗaya.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu makarantar da sai rufi ya fara yoyo suke tuna suna da tsofaffin ɗalibai. Shekara da shekaru ko gaisuwa babu, rana ɗaya a zo mana a ce wata mai zuwa ake so a tara kuɗi, kuma a tsaya ana ciniki wai akwai yaron da zai yi a araha. Yaron nan zai zuba mutane a guruf ba tare da ya tambaye su ba, a yi ta alƙawari a baki, kuɗin da ya shigo ba risit ba bayani, daga nan in ka sake kiran mutanen sai su ce ina na wancan karon.

Mu abu ɗaya muke sa wa gaba, ko ɗakin gwajin kimiyya ko kuɗin makarantar yaran da iyayensu suka gaza. Asusu daban, mutum biyu ke sa hannu, ɗaya daga makaranta ɗaya daga ƙungiya. Wanda ya ba da kaɗan da mai yawa duk suna samun risit da godiya da sunansu, in an gama aiki a tura musu hoto da lissafi. Mai makarantar da ya ce kuɗin ya bi ta akawun ɗinsa, a nan muke sallama da shi.