Kwana tara a Alƙahira, Nilu ta tagar tasi kawai na gan shi

Ɗan ƙanwata ne ya shigo gaishe ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, biza ta fito, mako mai zuwa sai Misira." Na sa masa albarka, na tambaye shi me ya shirya gani. Sai ya miƙo mini waya. Jeri biyu ne a ciki. Na farko sautu: abaya shida, turare, takalman yara, har da labulen wata gwaggonsa. Na biyu wuraren da zai tsaya a ɗauke shi hoto. Gabana ya faɗi, don irin takardar da na cusa a aljihun kaftanina ce shekaru kusan ashirin da suka wuce, sai dai tawa da biro aka rubuta.

Kwana tara na yi a Alƙahira. Na sauka wurin ɗaliban Azhar 'yan gida a Madinatu Nasr, yaran kirki, kullum dare tuwo da miyar kuka da musun siyasar Najeriya har ƙarfe ɗaya. Gari na wayewa sai kasuwa, daga Ataba zuwa Khan Khalili, ina soke sunaye ɗaya bayan ɗaya. Kafin ku yi mini dariya ku ji: yayana ne ya cika mini kuɗin jirgi. Da wane baki zan ce masa ba zan karɓi sautun matarsa ba? Kuma a wancan lokacin wanda ya je waje ya dawo hannu rabbana, sai ya shekara ana yi da shi. Ban yi laifi ba. Ko dai na yi, amma ba ni kaɗai ba.

Abin da ke ci mini rai har yau ɗaya ne. Wata la'asar na ɓace hanya na faɗa titin Muhammad Ali, inda masu sassaƙa kayan kiɗa suke. A wani ɗan shago wani dattijo yana lanƙwasa siraran katako yana manna su gefe da gefe, suna zama ciki kamar rabin ƙwarya. Udu yake haɗawa, molonsu na Larabawa. Ya ga na tsaya, ya sauko da wanda ya gama, ya taɓa tsirkiya sau uku ko huɗu, tsigar jikina ta tashi. Ya jawo kujera da ƙafa, ya ce in zauna a kawo shayi. Ni kuwa na duba agogo, na tuna mai labule zai rufe. Na tafi. Labulen nan ko damina biyu bai yi ba ya koɗe.

Na riƙa gaya wa kaina cewa kiɗa shagala ne, gidan tarihi kuma gumakan Fir'auna ne, me zai kai ni? Da tsoron Allah ne ya hana ni, ai da na je masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka gama a shekarar 879, mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta daga waje. Ban je ba. Azhar kansa, da ya haura shekara dubu, sau biyu na yi salla a ciki, hankalina na kan ledojin da na jingine a jikin ginshiƙi. A tasi ma na yi wa direba tsaki don ya ƙi rage muryar wata mata da take ta maimaita baiti ɗaya. Sai daga baya na san Ummu Kulsum ce, shahararriyar mawaƙiyar Misira, wadda ta rasu a 1975, wadda a zamaninta daren Alhamis ta farkon wata ake taruwa gaban rediyo don a saurare ta. Gidan da aka ajiye tabaranta da gyalenta yana tsibirin Rauda, dab da rijiyar awon ruwan Nilu da aka gina a 861, mai ginshiƙi a tsakiya da ake duba cikar kogi da shi a san ko bana za a ƙoshi. Na bi ta kan gadar Nilu mai zakuna huɗu na tagulla ban san adadi ba, ban taɓa cewa a tsaya in sauka ba.

Na yi niyyar rubuta wa yaron nan shawarwari goma sha. Da na zauna sai na ga ba su kai ba.

Kada ku karɓi sautu. Ku ce jaka ta cika. A yi fushi, za a huce. To, ban da na mahaifiya, wannan ko a ka za ku ɗauko shi. Da na wanda ya biya muku jirgi. Kun ga yadda abin yake farawa ko?

Ku ware yini biyu da ba za ku sayi komai ba sai ful da koshari, abincinsu na wake da na shinkafa da taliya. Ku taka titin Mu'izz da ƙafa har Bab Zuwaila, ku wuce rumfar masu ɗinkin khayamiya ku ga yadda ake ɗora ƙyalle kan ƙyalle da allura. Da yamma ku hau faluka, jirgin ruwan nan mai tafiya da iska, ku yi ciniki tun kuna kan tudu. In wani ya jawo muku kujera, ku zauna.

Wayar nan kuma ku sa ta a aljihu. Ku yaran yanzu ba ku kallon abu, baya kuke juya masa ku yi murmushi. An kai mutum gaban gini mai shekara dubu, shi ƙeyarsa ce ta gani! Amma fa ku ɗauki hoto, don ni ko ɗaya ba ni da shi, sai rasit ɗin kuɗin da na biya na ƙarin nauyi a filin jirgi.

Duk wannan na karanta masa, yana ta "to Kawu, to Kawu", babban yatsansa na kan waya. Da ya tashi tafiya ya juyo daga bakin zaure ya ce, "Kawu, ke nan kai ba ka da sautu?" Na yi shiru. Sannan na ce in ya ga farar jallabiya mai kauri, irin ta sanyi, ya taho mini da guda biyu.