Wata na bakwai da fensir: abin da na gani da na shimfiɗa littattafaina uku

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan koyo. Kwana biyu shiru, jarabawa ce ta riƙe ni, amma ban ajiye fensir ba ko rana ɗaya. Shekaranjiya littafin zanena na uku ya cika, sai na ɗauko su duka na shimfiɗa a kan tabarma bayan isha'i ina buɗewa shafi-shafi, kuma abin da na gani ne ya sa na ce dole in rubuto muku, don na san da yawanmu tambayar nan ta "yaushe zan samu salona" tana cin mu a rai.

Littafin farko kwaikwayo ne zalla. Duk abin da ya burge ni a waya sai in kwafa, yau fuskokin katun ɗin Japan masu manyan idanu, gobe inuwar nan mai santsi da ake yi da fensir mai taushi da baƙi sosai, wato 6B, a goge da auduga har ta zama kamar hoto. Ban yi nadama ba fa, a nan hannuna ya saki, a nan na san bambancin fensir HB da 2B wajen tauri da baƙi. Amma in ka duba shafukan za ka rantse mutum goma ne suka zana su. Na biyu ma kusan haka ne.

Na ukun ne ya bambanta, kuma ba da niyya ba. Data ta ƙare min kusan sati biyu, ba abin kwafa, sai na ɗauki butar shayin gidanmu, wata tsohuwa mai lotsewa a gefe da baƙin hayaƙi a gindi, na dinga zana ta kullum. Na ƙirga, sau 31. To da na jera su sai na ga abubuwa biyu suna ta dawowa ba tare da na gayyace su ba. Na ɗaya layin waje, kullum mai kauri ne, yana fara siriri ya kumbura a tsakiya ya sake tsukewa, na daɗe ina kallonsa ina cewa a ina na san wannan layin, can sai na tuna, wallahi haka hannuna yake tafiya a kan allo lokacin da muke makaranta, alƙalamin gamba in ka juya shi haka yake ba da layi. Na biyu kuma ba na iya barin fili a bayan abu, sai na cike shi da ɗige-ɗige da ƙananan kusurwoyi masu tsini, waɗanda da na lura sosai 'yan uwan aska takwas ne na babbar rigar kakanmu, wadda tun ina yaro nake bin zarenta da yatsa in yana zaune.

Wata shida ina goge waɗannan abubuwan ina ɗaukar su kuskure saboda ba su yi kama da na waya ba.

Abin ya tuna min da labarin ɗaliban Zariya. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar zane, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, har aka riƙa ce musu 'yan tawayen Zariya. Ba ƙin koyon dabarun Turawa suka yi ba, sun koya, cewa suka yi a haɗa da abin gida. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya gina layinsa a kai. Grillo kuwa ko daga nesa ka hango launin shuɗin da ya cika amfani da shi a zanensa ka san shi ne. Mu kuma ga zayyanar allo, ga zanen bangon fadar Zazzau, ga dagi, ga ɗinkin hula, ga lallen da ƙannenmu ke zanawa ranar biki, duk idonmu ya sha su tun kafin mu san akwai wani abu wai shi salo.

Amma ku ji wannan da kyau don kar wani ya ɗauka na ce a daina koyon ƙa'ida. A cikin butoci 31 ɗin nan, mariƙin ya karkace a fiye da rabi, bakin kuma ya fito kamar ana kallonsa daga sama alhali jikin daga gefe nake kallo. Wannan ba salo ba ne, rashin iyawa ne, kuma sai na gyara. Yadda nake rarrabewa yanzu shi ne in tambayi kaina, in na so zan iya yin sa daidai? In zan iya amma hannuna ya fi son wancan, to nawa ne, in bar shi. In ba zan iya ba, aiki ne ya rage min.

Jiya na feƙe alƙalamin gamba, na samo tawadar gawayi da ƙaro a wajen wani almajiri a unguwarmu, na gwada butar da ita. Takardar A4 ta gaza, ta jiƙe ta lanƙwashe tawadar ta bazu, sai da na koma kwali mai kauri sannan layin ya zauna, baƙi wuluk, da ɗan ƙyalli in ya bushe. Hannuna bai yi rawa ba ko kaɗan, abin da ban taɓa samu da fensir ba.

Wata mai zuwa in Allah ya kai mu zan bar buta in shiga cikin gari, tsoffin gidajen ƙasa masu zankwaye nake so, minti ashirin kullum bayan asuba kafin rana ta yi zafi, rabi da fensir don gyaran ma'auni rabi da tawada. Ku ma don Allah ku shimfiɗa tsoffin zanenku a ƙasa ku duba, duk abin da kuka ga ya dawo sau biyar ko fiye ku faɗa min mene ne, ina so in ji.